Karkanda a tsakiyar gari: Wasan kwaikwayon da ya tona asirin Fasistanci

A ƙarshen shekarar 1959 ne aka fara nuna wani wasan kwaikwayo a birnin Dusseldorf na Jamus ta Yamma, wanda labarinsa bai wuce na wani ƙaramin gari ba, inda mutane ke rikiɗa ɗaya bayan ɗaya suna komawa karkanda. Shekaru 14 kacal ke nan da rushewar gwamnatin Hitler, saboda haka 'yan kallo ba su buƙaci tafinta ba kafin su gane inda aka dosa.

Sunan wasan Rhinocéros, wato Karkanda, kuma marubucinsa shi ne Eugene Ionesco, haifaffen ƙasar Romaniya wanda ya yi akasarin rubuce-rubucensa da harshen Faransanci. Kafin shekara biyu ta cika wasan ya zagaya manyan dandalin wasannin duniya. A watan Janairun 1960 Jean-Louis Barrault ya shirya shi a dandalin Odeon na birnin Faris, a watan Afrilu kuma Orson Welles ya shirya shi a Landan tare da Laurence Olivier, sa'an nan ya isa birnin New York a farkon shekarar 1961.

Tambayar da ke gaban wannan wasa ita ce wadda ta daɗe tana ci wa Turawa tuwo a ƙwarya tun bayan yaƙin duniya na biyu: yaya aka yi mutane masu ilimi da hankali, malaman jami'a da lauyoyi da marubuta, suka rungumi aƙidar da ta kai ga halaka miliyoyin jama'a, ba tare da an ɗora wa yawancinsu bindiga a ka ba?

Wasan rashin kan gado

Rhinocéros na cikin wani rukunin wasanni da suka ɓullo a Faris a shekarun 1950, waɗanda za a iya kira wasannin rashin kan gado. Wani mai sharhi, Martin Esslin, wanda shi kansa ya tsere daga birnin Biyenna bayan 'yan Nazi sun haɗe ƙasar Ostiriya a 1938, shi ne ya raɗa wa rukunin suna a littafin da ya wallafa a 1961. Ya aro kalmar ce daga Albert Camus, wanda a 1942 ya yi rubutu kan halin ɗan Adam da ke neman ma'ana a duniyar da, a ganinsa, ba ta ba shi amsa. A ƙarƙashin wannan inuwa Esslin ya tara Samuel Beckett da Arthur Adamov da Jean Genet da Ionesco, ko da yake ba ƙungiya suka kafa ba, kuma ba dukkansu ne suka yi na'am da laƙabin ba.

Abin da ya haɗa su shi ne watsi da ƙa'idojin da aka gada. Babu labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, babu gwarzo, kuma zance ba ya kai mutane ga fahimtar juna. A wasan farko na Ionesco, wanda aka nuna a 1950, akwai wani namiji da wata mace da suka zauna suna yi wa juna tambayoyi dalla-dalla, har suka gano cewa ashe gida ɗaya suke kwana, kuma mata da miji ne. Ya ce tunanin ya zo masa ne daga wani littafin koyon Turanci, inda mutane ke sanar da juna abin da kowa ya riga ya sani cikin natsuwa da girmamawa. Tun shekarar 1957 ake nuna wannan wasa a wani ɗan ƙaramin dandali mai suna Huchette a Faris.

Salon ya ƙetara har ƙasashen Larabawa, inda Taufiƙ al-Hakim na Masar ya jarraba shi a wani wasa da ya fitar a 1962.

Da farko an ɗauki Ionesco a matsayin wanda ba ruwansa da siyasa. A 1958 ma sai da suka yi cacar baki a jaridar Observer ta Landan da mai sharhi Kenneth Tynan, wanda ya zarge shi da juya wa matsalolin al'umma baya. Ionesco ya mayar da martanin cewa ba aikin marubucin wasa ba ne ya zama mai wa'azin wata aƙida, kuma masu yin haka a ɓangaren 'yan gurguzu su ma 'yan amshin Shata ne. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne yake rubuta wasan da ya fi dukkan wasanninsa ɗaukar siyasa.

Abin da ke faruwa a dandali

Labule yana buɗewa ne ranar Lahadi a dandalin wani ƙaramin gari na Faransa. Abokai biyu sun haɗu a bakin wani kantin shan shayi. Berenger ƙaramin ma'aikacin ofis ne, mashayi, kayansa a cukurkuɗe, gashinsa ba taza, rayuwa ta gundure shi. Jean kuwa tsaf yake, mai ji da kansa, kuma yana ta yi wa abokin nasa huɗuba kan tsabta da ƙarfin zuciya da wayewa.

Ana cikin haka sai ga karkanda ta keto gari a guje. Jama'a suka yi mamaki na ɗan lokaci, suka koma harkokinsu. Can kuma sai ga wata, ko kuma ita ɗin ce ta dawo, ta tattake kyanwar wata mata.

A nan ne Ionesco ya fara sakin habaicinsa. Maimakon mutanen gari su tambayi abin da ya kawo dabbar daji tsakiyarsu da yadda za su kare kansu, sai gardama ta kaure a kan ko ƙaho ɗaya gare ta ko biyu, kuma ta Afirka ce ko ta Asiya. Jean, wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi ne ya juya lissafin, domin a haƙiƙa karkandar Afirka ce mai ƙaho biyu, ta Indiya kuwa ɗaya gare ta. Da gardama ta yi zafi sai ya koma zagin abokinsa da kalaman wariyar jinsi. Akwai kuma wani masanin ilimin manɗiƙi da aka gayyato ya raba gardamar. Ya jero hujjoji masu tsari, ya warware yadda ya kamata a gabatar da tambayar, amma bai amsa ta ba, kuma kowa ya tafi yana yaba basirarsa.

Washegari a ofis, wani tsohon malamin makaranta mai suna Botard ya rantse cewa babu wata karkanda, ƙaryar 'yan jarida ce kawai da camfin jahilai. Bai rufe baki ba sai ga matar wani abokin aikinsu a firgice, karkanda ta biyo ta tun daga gida har ta rusa matakalar benen ofishin. Da matar ta leƙa ta saurari kukan dabbar sai ta gane mijinta ne. Ta yi tsalle ta faɗa bayansa suka tafi tare. Nan take Botard ya sauya baki, ya ce shi bai taɓa musun batun ba, kuma ya san waɗanda suka ƙulla makircin.

Fitowar da ta fi tayar da hankali ita ce ta ɗakin Jean. Berenger ya je ba shi haƙuri, ya tarar da shi ba lafiya. Muryarsa ta dushe, ƙullutu ya fito masa a goshi, fatarsa tana kauri tana komawa koriya. Yayin da jikinsa ke sauyawa, maganarsa ma tana sauyawa. Mutumin da jiya yake wa'azin wayewa, yau yana cewa kyawawan ɗabi'u sun tsufa, tausayi rauni ne, kuma lokaci ya yi da za a koma ga dokar daji. Ƙarshenta ya kai wa abokinsa suka.

A tatsuniyoyinmu, idan mutum ya rikiɗa ya zama kura, ko dai tsafi ne ko kuma alhaki ne ya kama shi. A wasan Ionesco babu boka, babu wanda aka tilasta. Kowa da ƙafarsa yake tafiya, kuma kowa da hujjarsa.

Wannan ita ce tsokar wasan, kuma a fitowa ta uku ne aka fi ganinta. Dudard, wanda ya karanta shari'a, mutum ne mai sanyin hali da ba ya son tsattsauran ra'ayi. Ya zo ya kwantar wa Berenger da hankali, yana cewa ai kamata ya yi a fahimci abin kafin a yanke masa hukunci, kuma wa ya isa ya faɗi inda lafiya ta tsaya da inda cuta ta fara? Da aka kawo labarin cewa Botard ma ya bi sahu, wai don a tafi da zamani, sai Dudard ya fara tunanin ko wajibinsa ne ya bi shugabanninsa da abokan aikinsa, ko da don ya riƙa sukar lamarin daga ciki. Ya fita bai dawo ba. Masanin manɗiƙin nan kuwa da hularsa aka shaida shi, tana rataye a ƙahon wata karkanda.

Saura mutum biyu, Berenger da Daisy, mai buga tafireta da yake ƙauna. Sun ɗaga tarho, kukan karkanda suka ji. Sun kunna rediyo, shi ne dai. Sannu a hankali Daisy ta fara ganin kyan dabbobin, tana jin gurnaninsu kamar waƙa, tana cewa su ne masu ƙarfi da farin ciki, ƙila ma su ne ke da gaskiya tun da sun fi yawa. Berenger ya fusata ya mare ta, ba da jimawa ba ta sulale ta bi garke.

Romaniya a shekarun 1930

An haifi Ionesco a garin Slatina a 1909. Mahaifinsa lauya ne ɗan Romaniya, mahaifiyarsa kuma Bafaranshiya. Ya yi ƙuruciyarsa a Faransa, ya koma Romaniya yana saurayi, ya karanta Faransanci a jami'ar Bukarest, inda ya faɗa cikin wani gungun matasa marubuta da ake ganin su ne hasken ƙasar na gobe.

A daidai lokacin ne wata ƙungiya da Corneliu Codreanu ya kafa a 1927, mai suna Rundunar Mala'ika Mika'ilu, wadda aka fi sani da Dakarun Ƙarfe, take bunƙasa. Ta cakuɗa zazzafar kishin ƙasa da rigar addinin Kirista na ɗariƙar Otodoks da ƙiyayyar Yahudawa da ɗaukaka mutuwa. Magoya bayanta koriyar riga suke sawa, abin da ya sa masu sharhi da dama ke danganta ta da koriyar fatar Jean. A watan Disamban 1933 'yan ƙungiyar suka harbe firayim minista Ion Duca. Duk da haka a zaɓen 1937 jam'iyyarsu ta zo ta uku da sama da kashi 15 cikin ɗari na ƙuri'u. Bayan an kashe Codreanu a tsare a 1938, sun rama da kashe wani firayim ministan, Armand Calinescu, a 1939. A watan Satumban 1940 suka shiga gwamnati tare da Janar Ion Antonescu, suka kashe fitaccen masanin tarihi Nicolae Iorga, sa'an nan a watan Janairun 1941, a yayin tawayen da suka yi wa Antonescu, suka yi wa Yahudawa fiye da 120 kisan gilla a Bukarest.

Ba 'yan daba ne suka fi damun Ionesco ba. Abokansa ne. Wani malamin falsafa mai farin jini, Nae Ionescu, wanda ba su da dangantaka ta jini, ya ja ɗalibai masu yawa zuwa ga ƙungiyar. Emil Cioran ya yi rubuce-rubucen yabon Hitler a wancan zamani, abin da ya yi nadamarsa daga baya. Mircea Eliade, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masana tarihin addinai a duniya, ya rubuta maƙalolin goyon bayan Dakarun Ƙarfe.

Daga baya Ionesco ya ba da labarin yadda su kimanin goma sha biyar suke haɗuwa don neman hujjojin da za su ƙalubalanci wannan aƙida. Sai wata rana ɗayansu ya ce shi fa sam bai yarda da mutanen nan ba, amma dai a kan magana guda, misali batun Yahudawa, suna da ɗan abin dubawa. Ionesco ya ce wannan ita ce alamar farko ta kamuwa. Bayan 'yan makonni sai a ji mutumin ya shige ciki gaba ɗaya. A haka suka yi ta raguwa har suka koma 'yan ƙalilan. Wanda ya karanta wannan labari zai gane daga inda Dudard ya fito.

Hatta mahaifinsa bai tsira daga harshensa ba. Ya bayyana shi a matsayin mutumin da ya yi mubaya'a ga duk gwamnatin da ta hau, daga ta 'yan Fasist har zuwa ta 'yan Kwaminis, kuma ba don munafunci ba, sai don a wurinsa duk mai riƙe da mulki shi ne mai gaskiya.

Sai dai shi ma marubucin tarihinsa bai rasa tabo ba. Hanyar da ya samu ta komawa Faransa a 1942 ita ce karɓar aiki a ofishin jakadancin Romaniya da ke Vichy, wato ya yi wa gwamnatin Antonescu, ƙawar Hitler, aiki a sashen yaɗa labarai da al'adu har zuwa 1944. Masu kare shi na cewa kuɓuta yake nema da iyalinsa, kuma babu wani rubutu nasa na goyon bayan Fasistanci. Wannan gaskiya ne. Amma ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa bai zana Berenger a matsayin jarumi ba.

Me ya sa aka bi ta bayan gida?

Ana iya tambaya, me ya hana shi ya fito fili ya sa wa mutanensa rigar 'yan Nazi? Dalili na farko shi ne, da ya yi haka, da ɗan kallo ya zauna cikin kwanciyar hankali yana la'antar wasu mutane na wata ƙasa a wani zamani da ya wuce. Karkanda ba ta da tuta ko jam'iyya, kuma garin na Faransa ne, ƙasar da ita ma ta ga masu haɗa kai da 'yan mamaya daga 1940 zuwa 1944.

Na biyu, abin da yake son nunawa shi ne yadda harshe ke ruɓewa kafin mutum ya ruɓe. Duk mutanen wasan da jimloli na haya suke magana. Jean na da nasa na masu ra'ayin riƙau, Botard na da nasa na masu ra'ayin sauyi, Dudard na da nasa na 'yan boko. Wanda ya saba aron bakin wasu ya ci albasa, ranar da taken ya sauya ba shi da abin da zai riƙe. Salon rashin kan gado, wanda tun asali ba'a yake yi wa maganar da ba tunani a bayanta, ya dace da wannan aiki fiye da wasa mai bin ƙa'ida.

Ionesco ya ce wani abin da ya zaburar da shi shi ne bayanin marubuci ɗan ƙasar Suwizalan, Denis de Rougemont, wanda ya halarci wani gangamin 'yan Nazi a Jamus a shekarun 1930. Ya kwatanta yadda shauƙin taron ya yi ta matsowa kamar igiyar ruwa yayin da Hitler ke isowa, har ya ji yana neman ɗaukarsa, sai wani abu daga can cikin jikinsa, wanda ba hujja ba ce ta ilimi, ya ƙi.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma sun taɓo batun ta wata fuskar. A gwaje-gwajen da Solomon Asch ya gudanar a Amurka a farkon shekarun 1950, an riƙa nuna wa mutane layuka a ce su faɗi waɗanda tsawonsu ya zo ɗaya, alhali sauran mazauna ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar da ba daidai ba. Kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ra'ayin taro aƙalla sau ɗaya, duk da cewa idanunsu na nuna musu akasin haka. A can ma babu barazana, sarkin yawa ne kawai.

Ba Fasistanci kaɗai ba

Marubucin bai ji daɗin yadda aka shirya wasan a New York ba, duk da cewa Zero Mostel, wanda ya fito a matsayin Jean, ya samu lambar yabo ta Tony. A ganinsa an mayar da shi abin dariya kan masu bin Yarima a sha kiɗa, alhali shi abin da yake nufi ya fi haka muni. Ya yarda cewa wasan na adawa da aƙidar Nazi ne, amma ya ce babban abin da yake hari shi ne haukar taron jama'a da ke ɓuya a bayan hujjoji na ilimi, ko daga dama ta fito ko daga hagu. A Faris ta wancan lokaci, inda 'yan boko da yawa ke kare Tarayyar Sobiyet ko bayan ta murƙushe boren Hangari a 1956, kowa ya san da wa yake.

A gabashin Turai ma an gane. An nuna wasan a Bukarest a 1964, ƙarƙashin mulkin Kwaminis, tare da Radu Beligan a matsayin Berenger, kuma abin da ya ba shi kariya shi ne sunansa na wasan adawa da Fasistanci. Marubutan yankin sun mayar da salon makami, tun da mai tace rubutu yakan rasa inda zai kama. Vaclav Havel na Chekoslobakiya ya fitar da wani wasa a 1965 kan wani ofis da aka ƙaƙaba wa ƙirƙirarren harshe don a kawar da ruɗani, amma ya zama babu mai iya karanta takardar da aka rubuta da shi. Havel ya sha ɗauri, kafin ya zama shugaban ƙasa a watan Disamban 1989. A Polan kuma Slawomir Mrozek ya rubuta Tango a 1964, inda rikicin wani gida ya ƙare da mulki a hannun wanda ya fi kowa ƙarfin damtse da ƙarancin tunani. A harshen Ibrananci har an ƙirƙiro fi'ili daga sunan karkanda, mai ma'anar bin garke a yi watsi da abin da aka yi imani da shi.

Sukar da aka fi yi wa Rhinocéros tana da nauyi. An ce ya kwatanta aƙida da annoba, alhali annoba ba ta da masu ɗaukar nauyinta. Fasistanci kuwa yana da attajirai da hafsoshi da 'yan siyasa da suka ɗaure masa gindi don amfanin kansu, yana da talauci da rashin aikin yi da ya yi kiwo a cikinsu, kuma yana da waɗanda ya kashe. A wasan, in ban da kyanwa, ba a ga gawar kowa ba. An kuma tambaya: da wace hujja Berenger ya ƙi? Amsar Ionesco ita ce, da ya ba shi wata aƙida ta daban, da ya kafa sabon garke ne kawai.

Fitowar ƙarshe ta nuna cewa marubucin bai sauƙaƙa wa kansa ba. Berenger shi kaɗai a ɗaki, kawunan karkanda sun kewaye shi ta kowace kusurwa. Ya dubi madubi ya ga farar fatarsa mai laushi da goshinsa marar ƙaho, ya ji ƙyamar kansa. Ya yi ƙoƙarin yin gurnani irin nasu, muryarsa ta ƙi. Ya yi da-na-sanin rashin bin su tun da wuri. Sai bayan da ya tabbata ba zai iya rikiɗa ba ne ya zabura ya nemi bindigarsa, ya ce shi ne mutum na ƙarshe kuma ba zai miƙa wuya ba.

An zaɓi Ionesco cikin Majalisar Masana Harshen Faransanci a 1970. Ya rasu a Faris a watan Maris na 1994, shekaru huɗu da 'yan watanni bayan kifar da gwamnatin Nicolae Ceausescu a ƙasarsa ta haihuwa.